Sun Ce Za Su Ɗauke Ni

Gwallaga, Bauchi
Ranar Talata

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya Bappa da dabbobi? Kubura maƙwabciyata ce ke rubutawa, ni ina faɗa mata.

Inna, na shiga uku. Kin san 'yan gwari a kasuwar Muda Lawal, in yamma ta yi sai su kifar da fasasshen tumatir bayan rumfa. To ni nake zuwa in tsinci mai kyau, in yanyanka, in shanya a kan kwano ya zama kauɗa. Da shi muke miya. Wallahi ban taɓa sa hannu a kwandon kowa ba.

Jiya Lilian mai sayar da kabeji ta biyo ni har gida tana haki. Wai sarkin kasuwa ya zo da duba-gari da wasu masu mota, suna tambayar matar nan mai tsintar tumatir. Wai in je ranar Alhamis, za su ɗauke ni. Tana faɗa tana dariya, Inna! Ashe haka mutane suke?

Baban yaro ya tafi Jos da kaya. In suka rufe ni, wa zai ba angonki Musaddiq nono? Ko kunu bai fara sha ba. Ki sa Malam ya yi mana addu'a.

Taki,
Zubaida

Ranar Asabar

Innata,

Ina gaishe ki, ina gaida Bappa. Ki kwantar da hankalinki. Kubura ta kasa riƙe biro don dariya, na ce ta rubuta ko in tafi wurin wata.

Na je. Na goya yaro, na ƙulla zani biyu da sabulu da garin kwaki, don an ce abincin can ba ya ciwuwa. Ina shiga na durƙusa na ce su yi min rai, in dai za a rufe ni a rufe ni da ɗana. Sarkin kasuwa ya saki baki. Lilian kuwa har ƙasa ta zauna.

Ashe aiki za su ɗauke ni! Gwamnati ce ta gina rumfa, wani kamfani ya kawo injin busarwa mai aiki da rana, 'yan gwari kuma su daina zubarwa, su riƙa kawowa nan. Mu mata mu tsince, mu wanke, mu yanka, kamfanin ya saye kauɗar. Ruɓaɓɓen ma wai taki za a yi da shi. Har inuwa aka yi mana ta kwantar da yara.

Duba-garin nan da na fi tsoro shi ya karɓi Musaddiq don in dangwala yatsa a takardar aiki. Inna, angonki ya tsula masa fitsari a kaki! Na ce yau kam sai gidan yari. Mutumin ya dubi rigarsa, ya ce wannan mai laifin ya yi masa ƙanƙanta, a bar shi sai ya yi haƙori.

Jibi zan fara. Ki gaida kowa da kowa.

'Yarki mai kewarki,
Zubaida