Ƙanin matata ya daka mini tsawa a gaban ma'aikata

Malama, don girman Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zuciyata ke raya mini, domin takardar ma na riga na rubuta ta, yau kwananta huɗu a aljihuna.

Ni tela ne. Shekara goma sha tara ina da shagona da kekuna uku, ba mai shigowa bai gaishe ni ba. Wata bakwai ke nan da zuwana wannan ƙasa, kuma wanda ya yi mini hanya ƙanin matata ne, Auta muke ce masa. Lokacin da na auri yayarsa ko wando bai iya ɗaurawa ba, ni na ɗinka masa kayan makarantarsa na farko. Tsakaninmu wasa ne, ya ce mini tsoho, in ce zan mayar musu da yayarsu. Shi shekararsa tara a nan, yarensu a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya.

Aikin da ya samo mini a wani babban gidan wanki ne, inda ake wanke zannuwan gado da tawul na otal-otal. Ni da wata mata muke tsayawa a bakin injin guga, kowa ya kama gefen zane, mu miƙar, mu saka, ya fita ta baya a goge. Awa takwas a tsaye, tururi na dukan fuska, babu mai ce maka sannu. Shugaban sashenmu kuwa Auta ne.

Ranar farko, muna cikin bas, ya ce da zarar mun shiga ciki ba mu san juna ba, kada in yi masa Hausa, wai dokar kamfanin ta hana mutum shugabantar danginsa. Na ɗauka cikin wasan ne. Ashe da gaske yake. Mai ce mini Yaya a gida, a can sai ya kira sunana gatsau, ko Malam babu, ya nuna mini aiki da yatsa. Na haɗiye.

Ba shi kaɗai na haɗiye ba. Garin nan ka gai da maƙwabci a kan matakala, ya dube ka kamar ka roƙe shi wani abu. Direban bas yana ganinka kana gudu zai rufe ƙofa. Shara ma sai an ware mata mazubi kala-kala, ka kuskure a liƙa maka takarda a ƙofa. Duk ina shanyewa saboda yarana huɗu da na baro.

Mako uku da suka wuce zane ya naɗe a bakin injin. Ni da na saba kwance keke in ɗaura da hannuna, sai na miƙa hannu zan zaro shi. Ban ankara ba Auta ya taso daga can ƙarshen ɗaki yana ihu da yarensu, ya buga jan maɓalli, ya fizge ni har na zauna a cikin kwandon tawul. Bai tsaya nan ba, ya yi ta zazzaga mini faɗa a gaban mutum fiye da ashirin, ni ko kalma ɗaya ban gane ba. Wasu suka yi dariya. Washegari na tarar da takardar gargaɗi a akwatin kayana, da sa hannunsa.

Gida ɗaya muke, ɗaki biyu da ɗan kicin da mutum biyu ba sa iya gittawa. Ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, wai hannuna ya ceta. Na ce kada ya ƙara kirana Yaya da bakin da ya tozarta ni. Tun ranar ban ci abin da ya dafa ba, in na ji motsinsa sai in jira ya fita. Yayarsa ta tambaya a waya, na ce lafiya lau.

Takardar da ke aljihuna manajan kamfanin zan kai wa. Waya ta fassara mini ita zuwa yarensu. Na rubuta cewa ni mijin yayarsa ne, ya ɓoye. Na san ni ma za a iya sallamata, kuma izinin zamana a kan aikin nan yake, amma wallahi in dai zan ga an sauke shi, zuciyata za ta yi sanyi. Ki faɗa mini, laifi ne?

Tela mai guga

*

Malam Tela, sannu da ɗawainiya. Ka fara da yaga takardar nan, yau, kafin ka ƙarasa karanta amsata. Ɓoyon da kake son tonawa ku biyu kuka yi shi, kuma don kai aka yi. In ta isa hannun manaja, Auta mai shekara tara da yare a baki zai sami wani aikin. Kai ne za ka koma gida hannu rabbana, ka tsaya gaban matarka da surukarka ka yi musu bayanin yadda ka kori ɗansu da kanka.

Batun injin kuwa, ba zan rufe ka ba, kai ne da laifi. Abin da ke goge zane mai kauri cikin ƙiftawar ido ba keken ɗinki ba ne. Mutumin da ya ga hannun yayansa na shirin shigewa ba ya tsayawa zaɓen kalma, kuma da bai rubuta gargaɗin ba, da nan take an gane akwai wani abu tsakaninku.

Amma shi ma bai fita ba. A lokacin hatsari, da yaren da kake ji ya kamata ya yi ihu, doka ko ba doka. Faɗan da ya ci gaba da yi bayan injin ya tsaya ba shi da amfani sai cin fuska. Takardar gargaɗin ma da bakinsa ya kamata ka fara jin labarinta a gida. Kana da hakkin ka faɗa masa waɗannan, a zaune, ba ta bayan ƙofa ba.

Sai dai ka binciki zuciyarka. Maƙwabci da direba ba sa jin Hausa, Auta kaɗai ke ji, shi ya sa fushin wata bakwai ya sauka a kansa.

Ga abin yi. Ka nemi ya taimaka a mayar da kai wani sashe da ba ya ƙarƙashinsa, sai ɓoye-ɓoyen ya ƙare. Gidan wanki irin wannan ba ya rasa zannuwan da suka yage, ka tambaya wa ke ɗinke su, ka nuna musu hannunka. Ka sa ya rubuta maka kalmomin da ake faɗa a bakin injin, ka haddace, sannan ka nemi ajin koyon yaren ko sau ɗaya a mako. Matarka kuma ka gaya mata gaskiya, domin ta riga ta ji a muryarka.

Kai ne babba, don haka kai za ka fara sallama, kuma girmanka ba zai ragu ba. Allah ya huci zuciyarka, ya tsare lafiyarka, ya haɗa ka da iyalinka cikin alheri.