Ƙaramin Yatsan Tela

Litinin, 1 ga Satumba

An kawo mana sabuwar ma'aikaciya ɗakin masu ƙuna. Mai gashin ƙashi ce, wai ita za ta riƙa motsa wa majinyata gaɓoɓi kada su sandare. Yarinya ce ƙarama, ƙwallon roba a aljihu, baki ba ya rufuwa don dariya. Kafin azahar har sun raɗa mata Anti Mai Ƙwallo. Ni shekara sha shida ina wankin ciwo a ɗakin nan, sunan da na samu shi ne Mai Almakashi. Sun ɗauka ban sani ba.

Talata, 2 ga Satumba

An kawo wata tela, risho ya kama da wuta ya ci mata hannun dama har gwiwar hannu. Likita ya auna faɗin ƙunar da tafin hannunta, ya ce tafi huɗu. Damtsen ja ne, duk bororo, ko iska ta taɓa sai ta yi ƙara. Bayan hannun kuwa fari fat, na danna ba ta ji komai ba. Mijinta ya fara hamdala wai nan da sauƙi. Na ce malam, inda ba ya zafin nan shi ne abin tsoro, wutar ta ci ciki.

Ba ta tambayi tabo ba, ba ta tambayi kwana nawa ba. "Sista, zan sake riƙe allura?" Yara uku, kuma keken ɗinkin nan shi ne gidan.

Ni ta tambaya. Bari in rubuta: ni.

Alhamis, 4 ga Satumba

Wanki. Na jiƙa bandejin, na ɗaga a hankali, na kankare mataccen nama. Duk da allurar rage zafi ta yi ihu har ta kira uwarta. Da na tura amalanken kayana zan fita, ta juya fuska bango.

Minti goma sai ga Mai Ƙwallo. Ta zauna bakin gado, ta ɗora hannun a kan matashi, ta ce "yau yaya telarmu?" Wallahi daga ɗakin magani na jiyo dariya. Da yamma uwar tela ta kawo lemo cikin leda, ta wuce ni a bakin ƙofa da "sannu da aiki", ta kai wa Anti.

Ni na sha ihu, ita ta sha lemo.

Litinin, 8 ga Satumba

An yi wa tela dashen fata, daga cinya aka ɗebo. Likita ya ce kwana bakwai kada kowa ya motsa hannun. Kowa. Na ji daɗin kalmar nan fiye da yadda ya kamata.

Litinin, 15 ga Satumba

Fata ta kama! Na buɗe, ga ta ta lafe, ba ruwa ba wari. Aikina ne wannan, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Likita ya ce yanzu sai motsi, kullum, yatsa da yatsa.

Ina cikin naɗewa yadda na saba, auduga tsakanin yatsu sannan in haɗa hannun duka in dunƙule, sai yarinyar nan ta matso. A gaban tela da uwarta. "Yaya, da za ki riƙa naɗe mata ɗaya-ɗaya, kowane yatsa da nasa bandeji, sai ta iya motsa su duk yini. In an dunƙule, sai lokacin wanki kaɗai nake samunsu."

Na ce tun kina firamare nake naɗe hannu.

Ta ce "haka ne Yaya, yi haƙuri." Da ma ta yi musu, da na ji sanyi.

A gida na ba baban yara labari, ina jiran ya taya ni. Ya ce to wai gaskiyarta ce ko ba gaskiyarta ba? Na ce ba wannan ake magana ba. Ya ce "au, kishi ne." Na ɗauke masa kofin shayin bai gama ba.

Talata, 16 ga Satumba

Na mayar da wankin tela ƙarfe bakwai. Da sassafe ya fi sanyi, majinyaci ya fi jurewa. Ita Mai Ƙwallo sai tara take shigowa ɗakinmu, tana farawa da masu karaya.

Ya fi sanyi ɗin ne da gaske.

Juma'a, 19 ga Satumba

Kwana huɗu tana zuwa tana tarar da hannu a dunƙule kamar na ɗan dambe. Ba ta da ikon buɗe bandejina. Sai ta motsa kafaɗa, ta motsa gwiwar hannu, ta sa tela tana ɗan kaɗa yatsun a ciki. Jiya ta tambaye ni ko zan iya jiranta. Na ce gado sha huɗu gare ni. Ba ta kai ƙarata ba. Kullum "ina kwana Yaya", har da ɗan rusunawa.

Yau tela ta ce min, "Sista, Anti ta ce in na dage zan sa zare a allura kafin ƙarshen shekara." Anti ta ce. Wa ya hana hannun ruɓewa? Wa ya yi sati biyu yana shaƙar warinsa? Na ƙara zagaye ɗaya na bandejin.

Litinin, 22 ga Satumba

Ƙaramin yatsan kamar ya ɗan lanƙwashe. Kumburi ne.

Laraba, 24 ga Satumba

Ba kumburi ba ne.

Likita ya zo zagaye, ya ce a buɗe a gabansa. Uku sun motsa da ƙyar, babban yatsa lafiya. Ƙaramin ya naɗe ciki, ya ƙi miƙewa, sabuwar fata ta ja shi ta fara haɗe shi da na kusa. Likita ya daɗe yana kallo. Sai ya juya wajen Mai Ƙwallo, ya ce kwana tara me kike yi?

Ina tsaye da almakashi a hannu.

Ta ce, "Laifina ne Likita, ban riƙa zuwa lokacin wanki ba."

Ya yi mata faɗa sosai, a gaban kowa. Ta sunkuyar da kai. Tela kuwa kuka take tana cewa kada a yi wa Anti faɗa.

Har laifin ma ta ƙwace. Abin da ya fara zuwa raina ke nan, Allah ya yafe min. Na shiga ɗakin magani na wanke hannu sau uku ba tare da na taɓa komai ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na naɗe ɗaya-ɗaya. Minti ashirin ya ƙara min. Minti ashirin kacal.

Litinin, 13 ga Oktoba

An sallami tela. Safar hannu mai matsewa dare da rana don kada tabon ya kumbura, mai sau uku a yini, ɗan allon roba a ƙaramin yatsa in za ta kwanta. Ni na yi mata bayanin man, ita ta yi na motsi. Tela ta rungume ta. Ni ta ce min "Allah ya saka, Sista", daga nesa kaɗan, idonta kan aljihuna inda almakashin yake.

Yatsu huɗu suna matse ƙwallo. Na biyar yana nan yadda yake. Likita ya ce wataƙila sai an sake aiki nan gaba, wataƙila kuma haka zai zauna.

Talata, 4 ga Nuwamba

Tela ta dawo a duba ta. Ta sa zare a allura a gabanmu, sau uku tana kuskurewa, na huɗu ya shiga. Ɗakin ya kaure da tafi, har masu gado na ƙarshe.

Sai ta ciro huluna biyu irin waɗanda muke rufe kai da su wajen wanki, ɗinkinta na farko tun da ta ƙone. Biyu. Na ɗauka ɗaya za ta ciro. Ta ba Anti shuɗiya, ta miƙo min koriya da hannu biyu.

"Sista ki yi haƙuri, bakin ya ɗan karkace. Ƙaramin yatsan nan ne, shi ke kama min yadi in ina turawa."

Haƙuri take ba ni.

Na leƙa ta Mai Ƙwallo in ga ko tata ta fi kyau, hali dai. Ita ma a karkace take, daidai wuri ɗaya. Duk abin da matar nan za ta ɗinka daga yau haka zai fito.

Laraba, 5 ga Nuwamba

An kawo wani makanike, wutar fetur ta cinye hannu biyu. Yatsu goma, bandeji goma. Na jera kaya tun bakwai da rabi amma ban buɗe ba sai tara, don ruwan wankin bai huce ba. Da Mai Ƙwallo ta shigo na ce ta zo ta riƙe min hannun, tunda tana nan. Ta nuna min wani naɗi na babban yatsa. Ba laifi.

Na tari Likita a baranda na gaya masa wa ya mayar da wankin tela ƙarfe bakwai. Ya ce ya sani.

Har yanzu dariyarta ta yi yawa.

Baban yara ya ga koriyar hular a kaina da na dawo, ya ce wannan ai a karkace take, ba ki da wata? Na ce ina da su guda shida.