Kwalaben da Yaya Ta Gyara

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ƙafar da na karya a bakin tafki da sauƙi, amma likita ya hana ni sallama, wayata kuma tana ƙasan ruwa.

Ran Asabar kwamitin unguwa zai zo ɗakin da nake koya wa 'yan sakandare ilimin ruwa. In ba su gamsu ba, za su mayar da shi sito. Mako goma sha biyu yaran suna ɗibar ruwan tafki a kwalabe. Makulli na wurinki, don Allah ki gyara kwalaben kafin baƙi su zo.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikas salam. Allah ya ƙara sauƙi. Na gyara, amma kai dai ba ka ji kunya ba! Kwalba saba'in, duk gansakuka da wari, wata har da 'ya'yan kwaɗi. Na zubar, na wanke da sabulu, na kankare takardun da suka manna, na cika su da ruwan famfo. Yanzu sai ƙyalli. Ba sai ka gode ba.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, innalillahi! Jerawa nake nufi, jerawa! Dattin nan shi ne karatun. Takardun da kika kankare kwanan wata ne da wurin ɗiba. Da su yaran za su nuna yadda ruwan yake lalacewa daga inda magudanar kasuwa ke shiga. Har gwiwa suke shiga taɓo, kina tsammanin don sha'awa ne? Kin kashe ni da tsafta. Raina a ɓace yake, ban san da wane ido zan kalle su ba.

Auta

*

Auta,

Na ga wasiƙarka, har takardar zafi take. Gyara ka rubuta, ni kuwa ban taɓa jin an gyara abu an bar shi da wari ba.

Sun zo. Shugaban kwamiti ya ɗaga kwalba ya ce, "Ashe tafkinmu tas yake! To ajin na mene ne? A bar mutane su sha abinsu." Wata daga cikin yaran ta fara hawaye. Sai na miƙe da furfurata na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan famfo ne. Ni na zubar da na tafkin." An yi mini dariya, ban mutu ba.

Sun ba da mako huɗu, in babu sakamako a kawo makulli. Ka gaida likita.

Yayarka

*

Yaya,

Mako huɗu ba zai isa ba, ga ni a kwance.

Auta

*

Auta,

Ban tambaye ka ko zai isa ba. Yara tara sun zo, na ari takalmin roba. Daga wane gefe ake fara ɗiba? Wannan karon ka rubuta dalla-dalla.

Allah ya ba ka lafiya.

Yayarka