Wai Saude ta koma bayan labule

Daren Talata, watan Rajab

Yau mun gwada wasan waƙarmu na saukar jirgin sama na farko a Kano. Saude ke ba da waƙa, 'yan aji suna amshi. Sai Hedimasta ya ja ni gefe.

"Malam, yarinyar nan ta rame da yawa, ga manyan baƙi za su zo daga Bici. Ta rera a bayan labule, 'yata ta tsaya gaba tana motsa baki."

Wato yunwar bana ma laifinta ce? Na ce ban yarda ba. Ashe Saude ta ji.

"Malam, in zo gobe?"

Na ce ta zo, kuma a gaba za ta tsaya, ko da zai kai ƙarata.