Motar da Ba Ta Sallama

Asabar, bayan isha'i

Yau dai na tuƙa motar lantarkin da abokina Bulus ya zo da ita daga Abuja, mai ƙofa biyu. Na danna maɓalli ina jiran kukan inji, sai ya ce, "Ai ta tashi tun ɗazu."

A hanyar Kuta na ɗan taka ta, nan take bayana ya manne da kujera. Ban taɓa jin ƙarfi irin wannan ba, kuma tsit, sai hannuna da ke ta laluben giyar da babu.

Da muka rage gudu a wani ƙauye, wata tsohuwa ɗauke da doya a kafaɗa ta shigo titi ko waiwaye ba ta yi ba. Na taka birki, saura ƙiris. Ashe mutanenmu da kunne suke tsallaka titi.

Ta dube ni ta ce da 'yar Hausarta, "Ɗana, mota naka ba ya sallama?"

Motar ta burge ni, ba ƙarya. Amma gobe in Bulus ya sake ba ni ita, hannuna na kan hon har mu dawo.