Kujerar Umara da Ƙafafun 'Yar Yayana

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don ni ma ban bar zagin kaina ba.

Ni likita ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Unguwar Rimi. Akwai wakilin wani kamfanin magani da ke zuwa mana da wata ƙwaya ta asma da kumburi. Wata rana ya ce min, "Likita, ai tana sa ƙiba, amare na sonta. Doka ba ta hana ki rubuta ta ba. In kaya suka tafi, akwai kujerar Umara." Na san illarta in an daɗe ana sha, a makaranta aka koya min. Amma mahaifiyarmu ta daɗe tana burin ganin Ka'aba, sai na ce wa kaina ai kaɗan-kaɗan zan riƙa bayarwa. Wa nake yaudara?

Cikin waɗanda na rubuta wa har da 'yar yayana, zan kira ta Ummi. An sa ranar bikinta, ƙawaye na tsokanarta wai ta cika rama. Ta zo tana dariya ta ce, "Anti, ki taimaka min in ɗan ciko, amma kada Abba ya ji." Na rubuta mata da hannuna. Da ta ga ta yi kumatu, sai ta ci gaba da saye ba da sanina ba, ni kuma ban taɓa tambayarta ba.

Yanzu ƙashin ƙugunta ya lalace, da sanda take tafiya, an ɗaga bikin. Ita kuwa Hajiya mahaifiyarmu ta je Umara da kujerar nan, ta dawo tana sa min albarka a gaban kowa. Zamzam ɗin da ta kawo shi ake shafa wa Ummi a ƙafa. Duk sanda na gani, sai in shige banɗaki in yi kuka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, Yaya ya ɗora laifin a kan wani mai kemis na layinsu a Kawo, mutumin da bai taɓa sayar wa Ummi da ƙwayar ba. Ya rantse sai hukuma ta rufe shagonsa, kuma ni yake so in raka shi, wai ni ce na san kan magani. Jiya da na je duba Ummi, ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Anti, ki kwantar da hankalinki, ba zan faɗa ba." Yarinyar da na nakasa ita ke rufa min asiri.

In na yi magana, zan iya rasa aikina da yayana, Hajiya kuma ta san da me ta je Umara. In na yi shiru, bawan Allah ya rasa abincin 'ya'yansa. Gobe da safe Yaya zai zo ɗaukata.

Me zan yi?