Tsiren Gambo da Cikin Rumaisa'u

Daga Babban Sufeton Nama mai kula da Arewa gaba ɗaya, zuwa ga Malam Gambo mai tsire, unguwar Lamisula.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali, duk da mun san ba kowa ke lafiya a gidanka ba.

Labari ya iso ofishinmu cewa 'yarka Rumaisa'u tana ramewa, ciki na murɗa mata, kuma uwarta Ammatullahi ta ga wani farin abu falle-falle a wandonta, yana motsi. Kai kuma, babban likitan bakin titi, ka yanke hukunci cewa zaƙi ne ke kawo tsutsa. Ka hana yarinya alawa, ka hana a kai ta asibiti, ka tsaya ƙofar shagon Madam Clementina kana zazzaga mata rashin mutunci don tana ba ta minti kyauta. Sannu da bincike.

Mu ma mun yi namu. Mun zauna a bencinka, mun ga kana sauke tsire da jini-jininsa don kada ya tsuke ya yi ƙanƙanta a idon mai saye. Mun ga ƙulle-ƙullen nan farare kamar tsabar shinkafa a tsokar naman shanu, ka kankare na sama da wuƙa, ka zabga yaji, wai yaji na kashe komai. Abin da ya yi kwantai ka kai wa 'yarka, kana taƙamar gidanka ba a rasa nama.

To ka sani, ƙulle-ƙullen nan 'ya'yan tsutsa ne. Wuta kaɗai suke tsoro, sai nama ya dahu har ciki. Wata ma'aikaciyar jinya ta tabbatar mana, ta ce maganin ba wuya in an kawo yarinya an duba. Ta ce a kawo uban ma, tunda shi ne mai ɗanɗana kowane tsinke. Soshe-soshen nan da kake yi a bayan teburi ba mu ce komai ba tukuna.

Yanzu da ka karanta har nan, Ya Gambo, babu wani sufeto. Ni ne Sa'id, ƙaninka mai keke napep, wanda ka ce daga allo sai shaƙiyanci. Da sunana na fara, da tuni ka naɗe wa wani tsire da takardar.

Gobe da hantsi zan zo in ɗauki Rumaisa'u da uwarta. In ka tare ƙofa, bayan la'asar zan tsaya gaban wutarka in karanta wa masu saye wannan wasiƙa da ƙarfi, har da maganar susa.

A gaida Ammatullahi, a ce wa yarinya ta shirya.

Ƙaninka,
Sa'id